Rasuwar Bajamushiya ta Shagon Malam Gwadabe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani ɗaci da ya fi baƙin cikin nauyi, iyalan Malam Gwadabe mai fere ƙarfe na Sharada suna sanar da 'yan uwa, abokan sana'a da tsofaffin ma'aikatan masaƙa rasuwar abokiyar aikinsa, injin fere ƙarfen nan da kowa ya sani da suna Bajamushiya. Ta rasu ranar Talata, 17 ga watan Maris na shekarar 2009, a wani filin 'yan gwangwan da ke Dakata, tana da shekara talatin da huɗu a ƙasar nan. Ba ta yi jinya ba. Iyalan sun nemi a rubuta wannan a fili: lafiyarta ƙalau aka yanka ta.

Marigayiyar ta iso Kano daga Jamus a cikin akwatin katako a shekarar 1975, aka kafa ta a ɗakin gyara na wata masaƙa a Challawa. Bayan shekara shida aka ɗora Gwadabe a kanta, kuma tun daga ranar ba su rabu ba. Da masaƙar ta rufe a 2002 aka yi gwanjon kayanta, abokan aikinsa suka sayi babura da kuɗin sallamarsu suka shiga acaɓa. Shi kuwa ya ɗauki nasa kaf ya fanso ta. Matarsa, Hansatu, ta yi kwana biyu tana fushi da shi. A rana ta uku ita ce ta ɗinka wa injin rigar tamfol.

Duk wanda ya zauna da ita ya shaida halinta. Ba ta taɓa yin ƙarya a awo ba. Abin da aka ce ta cire, shi take cirewa, ko da kaurin gashi ne. Da safe takan fara da gyaran murya, gurr, gurr, sannan ta miƙe da wani dogon shuuu mai laushi da masu shagunan layin ke gane an kawo wuta da shi. Ta fere wa masu injin niƙa sanduna, ta tayar wa manoman rani na bakin kogin Challawa injinan ban ruwa da aka riga aka fid da rai da su, ta yi wa direbobin tirela na Bompai kusoshin da babu su a kasuwa. Da guminta aka yi rufin gidansu na Zawaciki, aka kai yara huɗu makaranta. Aibinta ɗaya da aka sani: hannun giyarta na biyu ba ya shiga sai an ɗan lallaɓa shi hagu.

Ciwon da ya yi ajalinta ba a jikinta ya fara ba, a idon mai ita ne. Yanar ido ce ta rufe wa Malam Gwadabe idon dama, na hagu ya kama hanya. Ya kai sai ya kira maƙwabci ya karanta masa ma'auni. Wuta kuma ta koma awa biyu a yini, wani yinin babu. Likita ya ce a yi aiki kafin damina. Nan ne ya yanke shawarar da ya shekara yana gudu, ta sayar da ita, ya tafi wurin Alhassan.

Alhassan amininsa ne tun masaƙa, inda yake akawu a ofishin biyan albashi. Shekara ashirin da shida suna sahu ɗaya a masallaci. Bayan rufe masaƙa ya buɗe shagon intanet mai kwamfuta shida, ya zama shi ne idon layin a kan duk abin da ya shafi wannan sabuwar duniya.

"Mutumina, dillalai cutarka za su yi," in ji Alhassan. "Akwai shafin talla a intanet. Mu sa hotonta, mutumin Legas ya gani, na Aba ya gani. Kai dai faɗi kuɗi."

Malam Gwadabe ya kwana uku yana lissafi. Ya tambayi kuɗin sabuwa 'yar Caina, ya tambayi na irinta da aka sayar a Kaduna, ya haɗa da kawuna biyu masu riƙe ƙarfe, da giyoyin yanka zaren kusoshi cikakku, da motonta na asali da ba a taɓa naɗewa ba. Ya tsaya a naira dubu ɗari bakwai. Ya wanke ta da kananzir, ya shafe ta da mai har tana ɗaukar ido, aka ɗauke ta hoto ta fuska huɗu. Sharaɗi ɗaya ya kafa.

"Alhassan, ka rubuta cewa sai mai aiki da ita. Ko an rage mini, ban damu ba. Amma ba ni sayar wa 'yan gwangwan."

"Haba! Ina raye?"

Da yake Malam Gwadabe ba ya iya karanta saƙo a waya, lambar Alhassan aka sa a tallar.

Sati biyu shiru. Alhassan ya zo yana girgiza kai, ya ce mutum ɗari uku sun duba, ba wanda ya taya. Kuɗin ne ya yi yawa. Aka sauko ɗari biyar. Aka sauko ɗari uku da hamsin. Kullum Malam Gwadabe ya ɗage tamfol da safe sai ya ji kunyarta, kamar ya kai ta gaban duniya an ƙi ta. A sati na bakwai Alhassan ya zo da wani mutum mai farar shadda, Muntari, wanda ya ce yana da shagon koyar da sana'a a Zariya. Ya taya dubu ɗari da casa'in. Ranar aikin ido saura kwana tara. Malam Gwadabe ya sallama.

Abin da ya fi ci masa rai yanzu shi ne abin da ya yi a ranar. Ya tsayar da Muntari kusan awa guda yana nuna masa yadda ake lallaɓa giya ta biyu. Ya ba shi akwatin wuƙaƙen fere kyauta. Ya ce kada a bar ta kusa da taga, ba ta son raɓa. Muntari yana ta cewa, "To, Baba. In sha Allahu, Baba." Da motar ɗaga kaya ta cira ta sama, sarƙa ta yi ƙara, ita ma ta yi wani ƙiiit sau ɗaya. Wannan ne sautinta na ƙarshe da ya ji.

Aikin ido ya yi kyau. Kwana goma sha biyu da cire bandeji, wani tsohon abokin sana'a mai shago a Bompai, Malam Idi, ya shigo da wani abu mai nauyi a buhu. Kan riƙe ƙarfe ne ya saya ta intanet a kan dubu tamanin, yana son a duba masa ko zai hau injinsa. Malam Gwadabe ya juya shi, kuma da sabon idonsa ya ga harafin G da shi da kansa ya buga a gefensa.

"Malam Idi, a ina ka samo wannan?"

"Wurin mai lambar nan da ya yi tallar injinka mana. Ai ni na fara kira, tun satin farko. Na ba da dubu ɗari shida, ya ce an riga an sayar. Na ce to Allah bai yi rabona ba ce."

Suka shiga wani shagon intanet na daban. Ga ta nan a shafi guda, gaɓa gaɓa: moto dubu ɗari da hamsin, giyoyi dubu ɗari da ashirin, har akwatin wuƙaƙen da ya bayar kyauta an sa masa kuɗi. Hotunan ma waɗanda aka ɗauka a shagonsa ne, ana hango butarsa a gefe. Lambar wayar ita ce dai.

Da ya bi sawun Muntari, a Dakata ya sami sauran. Muntari ba shi da ɗalibi ko ɗaya, sikelin awon gwangwan yake da shi. An yanka gadon Bajamushiya, dogon ƙarfen da ke ɗauke da ita, gida uku da wutar gas, an jefa kan tarin tsofaffin gatarin ƙafar mota. Malam Gwadabe ya durƙusa ya shafa wurin da hannunsa ya shekara ashirin da takwas yana gogewa. Santsin yana nan.

Daga can shagon Alhassan ya wuce. Bai ɗaga murya ba.

"Idi ya ba da ɗari shida, kuma aiki zai yi da ita."

Alhassan bai ɗauke ido daga kwamfuta ba. "Mutumina, ka sallama da bakinka, an biya ka, ido ya buɗe. A dunƙule ɗari shida ce, a warwatse ta fi haka. Ƙarfe ne fa."

"Da ka ce mini kana da buƙata, da mun raba ɗari shidan."

Washegari Alhassan ya aiko da ambulan mai dubu ashirin, wai na magani. Hansatu ta mayar da shi da kanta, ba a buɗe ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar bais na matse ƙarfe guda ɗaya mai karyayyen hannu, da ƙaramin injin huda ƙarfe da ya girma a gefenta, da magagari bakwai, da gwangwanin mai da har yanzu da saura a ciki, da kusoshi huɗu a kafe a siminti inda ƙafafunta suke, waɗanda Malam Gwadabe ke tuntuɓe da su kullum amma ya hana a cire. Ta kuma bar shi kansa, da ido biyu garau da ba abin da zai auna da su.

An tuntuɓi limamin layi, Malam Muhammad Nazir, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, amma ba laifi a yi wa mai shi jaje. Saboda haka ga yadda aka tsara. Ranar Alhamis da hantsi tirelar da za ta kai gawar kudu, inda za a narka ta a yi rodin gini, za ta tashi daga Dakata. Malam Gwadabe zai tsaya a bakin titi ya ga wucewarta. Mai son rakiya ya same shi a Dakata da ƙarfe goma na safe. Daga nan za a yi zaman karɓar gaisuwa na kwana uku a shagon, tsakanin la'asar da magariba. Malam Idi ya yi alkawarin kawo kan nan mai harafin G a ajiye a tsakar shago har a tashi, sannan ya mayar da shi Bompai ya ci gaba da aiki.

Ba a hana kowa zuwa ba. Idan Alhassan ya zo ya yi sallama za a amsa masa, domin amsa sallama wajibi ce. Tabarma dai ba za a matsa masa ba.