Ranar da na buɗe wa daddawar Iya iska

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na tsufa na manta sunan maƙwabcina, da hutun da na je gida Gazawa ina shekarar ƙarshe a jami'a, kaina cike da ƙwayoyin halitta.

Aikina shi ne tsara ƙwayar bakteriya a kwamfuta. Ana zana cikinta kamar taswirar gari, hanyoyi birjik, abinci na shiga ta nan yana fita ta can. Sai ka ce wa na'ura ta lissafa wace hanya za a toshe, wace za a faɗaɗa, don ƙwayar ta riƙa samar da bitamin da yawa. Tawa ƙwayar irin wadda ke nunar da daddawa ce. Nakan zauna ƙarƙashin bishiyar bedin gidanmu in lumshe ido, in gan ni ina yawo a cikinta ina rufe lunguna, ƙarshe har ana kiran sunana a rediyo. (Ban taɓa ganin ta da idona ba fa. A allo kawai muka san juna.)

Kakata Iya kuwa daddawar batso take yi, ta gurguzun yakuwa, tun kafin a haifi babana, kuma ba ta taɓa lalace mata ba. A makon nan gwaggon Ramatu, yarinyar da nake nema, za ta zo daga Gidan Rumji ganin gidanmu, ta kuma aiko cewa miyar daddawar Iya take marmari.

Iya ta dafa gurguzu, ta zuba a tukunya, ta lulluɓe da buhu da tsummoki. Ni kuma lissafina ya nuna ƙarara: idan ƙwayar ta sami iska sosai, ninka girma take yi. Tausayin Iya ya kama ni, shekara da shekaru tana shaƙe bayin Allah! Da safe ta tafi barkar suna, na yaye tsummokin, na baza gurguzun a faifai a inuwa. Ranar an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Kafin la'asar na mayar na rufe, ina murmushi ni kaɗai.

Bayan kwana biyu Iya ta buɗe. Babu warin nan mai tashin unguwa, sai funfuna da tsami. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Maigida," ta ce (haka take kirana), "hannuna ya mutu."

Wallahi na ji kunya, amma tsoro ya fi.

Ranar baƙi aka yi miya da daddawar kasuwa. Na shigo gaisuwa na durƙusa, daidai Hajiya, gwaggon Ramatu, ta kai loma.

"Iya, wagga ba taki ba ce."

"Tsufa ne, Hajiya. Na bar yi daga yau."

Muryarta ce ta karya ni. Ban san sanda bakina ya buɗe ba: "Ni na buɗe ta."

"Mi ya kai ka?" in ji Iya.

Da na yi shiru a nan, da da sauƙi. Ina! Sai na ɗauko kwamfuta, a durƙushe, na shiga nuna wa tsofaffi biyu taswira, ga hanyar iska, ga inda na toshe. Hajiya ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, ita wadda ke cikin allon, tana jin sanyi?"

Na duba. Duk lissafin nan babu gurbin zafi ko sanyi, ko ɗaya. Tsummokin Iya ɗumi suke riƙewa.

"Ba ta ji," na ce.

"To ta tukunya tana ji."

Iya ta yi dariya har da hawaye, tana jujjuya hannunta. "Ashe kana nan da rai!" Da hannun take magana, ba da ni ba.

An ba ni Ramatu, don Hajiya ta ce mai tona kansa a gaban suruka ba zai ɓoye wa ɗiyarsu komai ba. Har yanzu ina tsara ƙwayoyi, kuma na'ura na taimako ƙwarai. Sai dai duk abin da na'urar ta faɗa mini, nakan fara tambayar kaina me ban gaya mata ba. Tukunya kuma in na gan ta a rufe, ko a gidana ne, sai na nemi izini.