Ƙofar Da Na Sa Aka Kwashe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je jami'a ba, kuma tun yanzu in faɗa muku, wawan labarin ni ne.

Bayan katafilar gwamnati ta share mana unguwarmu ta Zango, muka watse. Ni unguwar Tampuy ta karɓe ni. Wata Juma'a a bakin masallaci aka kawo labari wai ɗalibai sun tara tarkacen unguwarmu a tsakar jami'a, har da buta da tabarmar salla, sun ce zane ne, mutane na zuwa kallo. Dattawa suka fusata. Wa zai je ya tsawata? Aka ce ni Alhaji Idi, tunda na yi lakwal, wato bokon Faransanci (aji uku ne, na ukun ma malamin ne ya roƙi babana ya mayar da ni kasuwar goro).

Na sa babbar riga, na hau ɗan babur ɗina mobilet. Na tarar da tulin bulo, tsohuwar ƙofa a tsaye a kai. Ban ma duba ba. Na buɗe baki da Faransancin da ko ni ban gane shi ba, ina cewa an ci mutuncin Musulmi, a kwashe! Direktan wurin ya riƙe hannuna yana godiya. Ashe tun farko manya sun matsa masa ya cire abin, dalili kawai yake nema. Ni kuwa na kai masa shi har ofis, da rawani.

Ma'aikata suka fara lodi. Da suka kwantar da ƙofar na ga facin gwangwanin madara a gindinta. Ni na buga shi da hannuna, shekarar da matata marigayiya Hajiya ta yi haihuwar fari, saboda ɓera.

Mai aikin tana gefe tana kallo. Rakiya ce, jikar maƙwabcina Malam Sule. Wata uku ta yi tana tono a kangonmu, kuma da wannan aikin za a ba ta sakamakon shekara.

Tun ranar nake duba abu kafin in yi masa wa'azi. Na makara.

Na matsa kusa, murya ƙasa-ƙasa: "'Yata, ai wannan ƙofata ce."

"Na sani, Baba Idi," ta ce. "Su da katafila suka rushe gidan. Kai ka ƙarasa musu, ko fetur ba a saya maka ba."