Yadda Malama Za Ta Kauce wa Tambayar Mma Sala

Ke da aka ɗora wa karantar da mata ranar Asabar, ga tabbatacciyar hanyar tsare martabarki idan aka jefo miki tambayar da ba ki san amsarta ba. Malama Adijatu, tsohuwar malamar firamare, ta gwada ta a unguwar Moshi Zongo, kuma ta yi mata aiki mako uku cur.

Saura wata guda azumi, Mma Sala mai koko ta ɗaga hannu a aji: "Malama, ɗana Basit yana can ƙasar Turawa, inda rana ba shi faɗuwa sai ya ga dama. Yaushe zai sha ruwa?"

1. Ki yaba tambayar.
Ki gyara tabarau, ki ce, "Masha Allah, wannan tambaya ce mai zurfi." Ki ci gaba da yabo har ladan ya kira la'asar. Masana sun tabbatar cewa tambayar da aka yaba sosai tana jin kunyar dawowa.

2. Ki mayar da ita bincike.
Idan ta dawo, kada ki ce kin manta. Ki ce kina nazari, kina tuntuɓar littattafai, kina bin diddigin mas'alar. Malama Adijatu har ta tura Mma Sala ta binciko sunan garin da yadda ake rubuta shi. Wannan kaɗai ya ci mako guda.

3. Ki fake da gaisuwa.
In kun haɗu da mai tambayar a kasuwa, ki riga ta. Ki gaishe ta da Hausa, ki sake da Dagbanci, ki tambayi gida, gajiya, ciwon gwiwa, awakinta ɗaya bayan ɗaya. Matar da ke amsa "Naa, naa" ba ta da bakin tambaya.

4. Kada ki dubi idonta.
A nan Malama ta yi sakaci. Asabar ta huɗu Mma Sala ta miƙe, riƙe da takardar sunan garin: "Malama, ni da ke mun tsufa. In ba ki sani ba, ki gaya mini, in tafi gaba. Yaron ya ce ba shi cin komai sai abin da Malama ta ce."

Malama ta dube ta. Ta cire tabarau. "Ban sani ba, Mma Sala. Gobe mu je unguwar Nyanshegu tare, mu tambayi liman."

Nan take hannu tara suka tashi a ajin. "Tunda za ku je," in ji wata daga baya, "ku tafi da tawa. Shekara shida ina ɓoyon ta."

Gargaɗi: marubuciya ba ta ɗauki alhakin yunwar ɗan kowa ba, ko zubewar girman kowa. Haka nan ba a gwada waɗannan dabaru a kan masu tambayar kabari ba, kuma ba ta ba da shawarar ki zama ta farko.