Farfesan Tafarnuwa da 'Yan Kunnen Saude

"Duk Kura da Bunkure babu mai haɗa zinare da alil sai ni," in ji Mudassiru, yana bugun ƙirji a bakin kanal.

Aboki, kada bakin nan ya ruɗe ka. Wata huɗu kacal ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a. Can ya ji masana suna liƙa wa tagulla da zinare wani sinadari wai shi alil, kuma wai akwai danginsa a tafarnuwa. Shi ke nan gogan naka ya dawo gida Farfesa.

Ya yi wa manoma alkawarin haɗin da zai kashe tsutsar tumatir daga nan har Kadawa. Tagulla ya warwaro daga mataccen injin ban-ruwa. Zinare kuwa, matarsa Saude ya lallaɓa ta ba shi 'yan kunnenta, waɗanda ko biki sai na dangi take sa su.

"In suka yi ko ƙwarzane, gidanmu zan tafi," ta ce.

"Kimiyya ba ta cin amana, ke dai zuba ido."

A jami'a cikin sanyi ake haɗin, ba a barin iska ta taɓa shi. Sai Sarkin Kwalabe ya sayo ƙanƙarar mai zoɓo, ya kirɓa tafarnuwa kwano biyu, ya antaya komai a tukunya, ya liƙe murfin da laka. Kafin azahar ƙanƙara ta koma ruwan wanka. Ya ce to, a gwada wuta. Murfi ya yi sama, wari ya watsa manoma, har awaki sai da suka bar wurin.

Ya tsamo 'yan kunne, sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Alhamdulillahi, alil ya kama zinare," ya ce, yana share hawayen tafarnuwa.

Malama Roda, mai koyar da kimiyya a sakandare, tana gefe ta toshe hanci. Ta karɓa ta jujjuya.

"Farfesa, tafarnuwa ba ta baƙanta zinare, tagulla take baƙantawa. Wannan da wayar injin nan uwa ɗaya uba ɗaya ne."

Saude ta juyo a hankali. Wallahi ni kaina sai da na ji tsoro.

"A lefe ka sa mini su, Mudassiru. Gwaggonninka har rantsuwa suka yi zinaren Makka ne."

"Ai ita kimiyya..."

"Kimiyya ta gode," ta ce, tana yafa gyale. "Shekara shida ina zarginka ban samu shaida ba, yau da hannunka ka dafo mini ita."