Ubale Nawa Ne a Bakin Teku?

"Sannu da hutawa, amarya. An dai samu ƙasar mutane an miƙe ƙafa."

"Yawwa, angon wahala. Cire wannan takunkumin in ga bakin da ke gaishe ni."

Shafi'u ya cire, ya ajiye gurasar roti da shayin da ya yo tapau, wato ƙunshi, daga shagon mamak, masu sayar da abinci. Jego Hajiya Ɗelu ta zo yi wa 'yarta a unguwar Titiwangsa, can wata ƙasa gaba da Makka, korona ta sa aka rufe ƙasa da ita a ciki. Shi kuma jikan nata da aka rufe makarantarsu, sai ya baro unguwar Wangsa Maju ya tare a gidan gwaggon. Zaman kulle ne ya sa ta ɗora masa aiki: ya nemo mata inda kakanta Malam Ubale ya ƙare, wanda ya tafi Makka a ƙafa bai dawo ba.

"Ina aikina? Ko har yau kana latse-latsen banza?"

"Aikinki ya ci tura, Hajiya. Kakan naki gudun surutun gidanku ya yi, ya share sawunsa."

"Ungo naka! Mutumin da kura ke ba shi hanya? Kai da ƙadangare ya hana ka shiga banɗaki shekaranjiya."

"Wancan ba ƙadangare ba ne, kada ne ya yi rama." Ya zauna kusa da ita ya buɗe taswira a waya. "Duba nan. Wannan ɗigon Kano ce. Nan Barno, nan Chadi. Abdulgani ɗan ajinmu, Bahaushen Sudan ne, ya haɗa ni da wani dattijo a can. Ya ce ayarin mutanenmu ta nan suke bi har bakin teku."

Yatsansa na ja, ƙasa na ta wucewa, ja da fari, babu ko ɗigon kore. Hajiya ta ajiye shayinta.

"Tsaya. Duk wannan rairayi ne?"

"Duk."

"A ƙafa?"

"A ƙafa. Su yada zango su yi noma, damina ta wuce su ƙara gaba."

"La'ilaha illallahu." Ta ɗora yatsa a kan shuɗin ruwan, kamar mai shafa kan jariri. "Ashe nan ya iso. Mu muna yara da an ce gabas, mun ɗauka bayan Wudil ne."

"To a nan jakina ya tsaya. Dattijon ya ce Ubale nawa? Su kaɗai a unguwarsu sun binne Ubale ba adadi. Ya ce in kawo sunan yanka."

"Sunan yanka?"

"Shi fa. Ubale ai laƙabi ne. Faɗi in rubuta masa."

Hajiya ta harare shi.

"Ka ji ɗan nema. Sunan kakansa aka sa masa, wa zai kama? Uwarsa ba ta faɗa, matansa ba sa faɗa, babana ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba."

"Ke nan kun taru kun yi ta kunya har kun haɗiye mutum ɗungurungum."

"Tarbiyya ce, marar ta ido. Ba irinku ba, da kuke kiran uba kamar kuna kiran ɗan tasi."

"Ga amfanin tarbiyya nan. Rairayi bai ɓatar da shi ba, teku ba ta ɓatar da shi ba, sai ladabi."

Ta ɗaga carbi za ta make shi, hannun ya tsaya a sama. Ta juya tana kallon dogayen benaye ta taga, titi fayau babu kowa.

"Ikon Allah. Shi ya ci shekaru yana taka ƙasa, ni na ƙetare ta ina minshari a jirgi, har na zarce shi. Shafi'u, in cutar nan ta ɗauke ni a nan, kar ku bari in zama Ubale."

"Ke? Cutar ma tsoronki take ji. Amma kwantar da hankalinki, da manyan baƙaƙe zan rubuta: Hajiya..." Ya yi turus. "Hajiya wa? Ɗelu ma ai laƙabi ne."

"Au! Mijin kirki ke nan. Kana neman na bakin teku, na gaban hancinka ba ka san shi ba."

"Laifin Baba ne, bai taɓa faɗa ba."

"Ya faɗa in tsine masa?"

Suka kalli juna. Dariya ta ƙwace mata har tana share ƙwalla da gefen mayafi.

"Ka ci gari. Matso da wannan faifan kunnen naka."

Ya matso. Ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa, sannan ta raɗa masa: "Halimatu."

"Halimatu," ya maimaita a hankali, yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

"Shi ne tukwicinka. Ka adana wa 'ya'yanka. Amma ka kuskura ka kira ni da shi ina raye, sai ka koma Kano a ƙafa."