Duban Sama da Duban Ƙasa

"Lafiya lau, mijin banza. Sai yau ka tuna kana da mata?"

Lariba ta faɗi haka ba tare da ta ɗago daga ɗaurin kayanta ba. Kwana goma ke nan da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Ghana. Ita a goye aka kawo ta Kumasi daga Katsina, kuma rabin mutanen unguwar Alabar a hannunta aka haife su. Jikanta Hussein, malamin makaranta, ya tsuguna da wasiƙar roƙon a bar ta ta zauna, wadda ya rubuta da Turanci.

"Yatsa za ki dangwala, tsohuwa. In kin tafi, wa zai riƙa ƙona mini tuwo?"

"Ba na roƙon kowa. Karanta in ji ƙaryar da ka shirga."

Ya karanta yana fassarawa, har ya kai wani wuri. "Na ce mutanen unguwa, they look up to her. Wato suna ɗaga kai sama su dube ki."

"Ni da ban fi turmi tsawo ba? Tun a bakin ƙofa za su kama ka."

"Girmamawa ake nufi. In aka cire sama aka sa ƙasa, look down on, ya zama raini. Duban ɗaya ne, 'yar kalmar da ke biye ce ke tona zuciya."

Lariba ta saki ɗaurin kayan. Jiya ta je ofishin ba da takarda, ta tarar da akawun da ita ta yanke masa cibiya. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce ta koma garinsu.

"Na ƙasan na san shi," ta ce a hankali. "Ba sai an fassara mini ba."

Hussein ya bar zolaya, ya juya bayan takardar. A waje wata lori ta wuce da maƙwabta da tabarminsu.

"Kaka, mutum arba'in suka sa hannu a bayan takardar nan, har matan Asante na kasuwar Kejetia. Ban ce lalle za ta yi aiki ba."

"Kai fa, wane duban kake mini?"

"Ni dole na ƙasa. Ko a tsugune na fi ki tsawo."

Dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun ranar sanarwa. Ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙa babban yatsa.

"Kawo tawadar, mummuna. Amma ka rubuta musu shekaruna talatin."

Ya kama hannun ya dangwala, ya daɗe bai saki ba.