Rasuwar Gimbiyar Ɗakin Gilashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ta ƙi lallashi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙwabtan da na san murna za su yi, rasuwar furena, Gimbiya. Ta cika a tukunyarta, cikin ɗakin gilashin da na gina mata a bayan gida.

Marigayiya baƙuwa ce daga ƙetare, 'yar dangin furannin da masana ke kira okid. Ta zo hannuna tana 'yar saiwa a kwali, shekarar da na yi ritaya, lokacin da masu zuwa gaishe ni suka manta hanyar gidana. Ba ta son rana, ba ta son inuwa, ruwan famfo kuwa ko a mafarki, sai na sama. Na yi mata hidimar da matata ta ce ban taɓa yi wa mai numfashi ba.

Mai kawaici ce. Ta yi shekara da shekaru ba ta ce uffan ba, sai ganye. Ranar da ta buɗe fure ta fanshe. Mahassada suka ce warinta na mushen ɓera ne. Mai shagon bakin layi ya fito da kayansa kaf yana neman abin da ya mutu. Maƙwabcina tela ya kirawo duba-gari, wanda ya shigo da hanci a toshe, ya fita da hotonta a wayarsa. Ƙudaje kaɗai suka san darajarta. Har yanzu ina jin "buuu" ɗinsu a kunnena, kamar maroƙa a ƙofar mai mulki.

Ajali ya same ta ne ina kwance a asibiti, an yi mini aikin ido. Na bar amanarta a hannun matata. Da na dawo, abin da sabon idona ya fara gani shi ne ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe, tukunya na tashin ƙamshin ruwan wankin banɗaki. Na nemi bayani. Ta ce, "Maigida, wanka na yi mata. Mai wannan wari ai abar tausayi ce." Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Gimbiya ta rasu ta bar ni, da injin feshin ruwa, da ma'aunin zafi da ke rataye ba aikin yi, da ƙannenta, sauran furannina masu ƙamshi, waɗanda duk ƙamshinsu bai taɓa tara mutum biyu ba.

Za a binne ta ranar Asabar da hantsi, a ramin taki, kusa da katangar tela. Masu zuwa ta'aziyya su bar murmushinsu a bakin ƙofa. Matata, wadda ta riga ta auna ɗakin gilashin don igiyar shanya, ta ɗan dakata tukuna. Bayan an rufe rami za a nuna wa jama'a marayan da na tsinta jiya a gindin tukunya: ɗan tsiro kore shar, lafiyarsa ƙalau. Masanin shuka ya duba shi, ya ce kaf halin uwarsa ya ɗauko.